Tukunyar da Kaka Ba Ta Buɗe Ba

A ƙauyenmu da ke bayan Kafanchan, lokacin girbin citta shi ne lokacin tatsuniya. Da an ci tuwon acca sai mu kewaye wuta, kowa da wuƙarsa, Kaka tana tsaga citta tana ba da labari. Ko harafi ɗaya ba ta sani ba, amma tana da wani hali mai ban haushi: daidai inda labari ya yi daɗi take tsayawa. Ba za ta ci gaba ba sai mun faɗi dalilin abin da ya faru, mu kuma nuna inda muka tsinto shi a cikin labarin.

Ta ƙarshe da ta yi mana ta wata yarinya ce da ta tsinci tukunya a bakin rafi. Kullum da safe tukunyar tana cika da acca, bisa sharaɗin kada a rufe ta. Maƙwabta suka fara leƙe. Ran nan yarinya ta ɗora murfi.

"To, don mene ya rufe?" in ji Kaka da Hausarta ta kasuwa. "Rowa ne ko tsoro?"

Muna cikin gardama Baba ya fito da littafin Turanci. Malamin firamare ne, kuma bai yarda da ilimin da ba a rubuce yake ba.

"Mama, ya isa haka. Yaran nan suna da jarabawa."

"To, Ticha. Kai ne ka yi makaranta."

Daga ranar muka koma karatu da ƙarfi, wanda ya yi tuntuɓe ya sha ranƙwashi. Na iya gudu a kan shafi har ana ba ni karatu a coci, amma da za a tambaye ni me na karanta, da na ji kunya. Kaka ta rasu kafin wani girbin. Har yau ina jin haushin Baba, ina kuma jin haushin kaina, domin ɗakinta yana nan kusa, ban taɓa shiga na tambaye ta ba.

Bara 'yata Rahila ta karanta mini shafi biyu ba gargada. Na ce ta gaya mini abin da ya faru, ta koma tana laluben shafin. Sai na rufe littafin, na ba ta labarin tukunya, na tsaya inda Kaka ta tsaya. Ta yi tunani, ta ce tsoro ne, saboda maƙwabta.

"Momi, sai me ya faru?"

Na ce mata ban sani ba.