Igiyar Totur

Farkon raba jiharmu da Sakkwato, maigidana ya sayo tsohuwar jif. In ya taka totur sai ya maƙale, mota ta kwasa a guje. Bakaniken Yelwa ya ɗaura wa totur igiyar tarun kamun kifi, ya miƙa mani a kujerar gaba. In na ja, totur ya ɗago, gudu ya mutu.

"Hajiya, ja! Shanu!" in ji maigida.

Daga baya na fara ja don kaina: wurin masu busasshen kifi, da ƙofar gidan Inna, mahaifiyata, a Shanga, inda dā yake wucewa yana ɗaga mata hannu kawai.

Da aka gyara motar har kaza ya yanka. Ban ci ba. Tun ranar Inna ta koma ganin ɗaga hannu kawai in mun wuce.