Ɗan Kama a Kan Dandamali

Ranar bikin samun mulkin kai, Malam Maccido na tsaye gefen dandamalin da ya sa aka kafa a filin makaranta a Tambuwal: katako bisa gumagumai, zana a baya, kujerun manya a gaba, talakawa can bayan igiya.

A sama wani tsohon ɗan kama ne, wai daga Fakku ya tako. Rigarsa duk faci, idanunsa sun yi zuru-zuru. Da ganinsa ka san a tsakiyar kasuwa ya tsufa, inda jama'a ke kewaye shi, ya ja gemun wannan, ya warce hular wancan.

Yana sakin barkwanci sai ya juya da sauri don ya tsokani na baya, sai ga zana. Ya juyo, manya sun yi gum. Ya sake juyawa, zana dai. Gumi na tsiyaya daga haɓarsa.

"Malam," in ji shi, "wanga wuri naku ba shi da baya? Don Allah ku sabkar da ni cikin mutane."

Maccido ya waiga neman tsani. Tuni an janye shi, wai yana tare wa manya gani.