Ɗakin da Noelene Ta Zaɓa wa Mijinta

Noelene ta shekara sittin da takwas, tun tana rarrafe take ganin bishiyar kentiya, amma ba ta taɓa ajiye ta cikin tukunya ba sai da tsufa ya zo. A tsibirin Lord Howe aka haife ta, inda kentiya ke tsirowa a dawa ba mai shuka ta, doguwa siririya kamar ƙanwar kwakwa. Ubanta mai hawa ne, mijinta Clarrie ma haka. Su ɗaure ƙafafu da madauri, su haye, su yanko gungun 'ya'yan su sauko. Mata su ɓare, su cika buhu, jirgin ruwa ya kwashe. In aka ce musu a Turai cikin falo ake ajiye ta, sai su yi ta dariya. Clarrie yakan ce saura su ɗinka mata riga su saya mata takalmi.

To, mai wannan dariyar ne ɓarin jikinsa ya shanye a watan Agusta, yana tsaye yana gyaran ragar kifi. Jirgin sama ya kai shi asibiti a birnin Sydney, Noelene ta bi shi da jaka ɗaya. Bayan wata biyu aka sallame shi, amma likita ya ce zancen komawa tsibiri babu shi, can babu masu yi masa gashin jiki. Suka kama ɗan gida a unguwar Marrickville, a ƙasan bene. Tagar ɗakin kwana kudu take kallo, a can kuwa ta arewa rana ke bi, wato ba ta san da zamanta ba, ga katangar maƙwabta ta tokare ta. Da tsakar rana ma sai an kunna fitila.

Magana ta ɗauke masa, hannun dama ya mutu, sannan ya daina cin abinci. Ta dafa kifi, ya kau da kai. Ta yi miyar kabewa, ya datse haƙora. Ta lallashe shi, ta zage shi, ta shiga banɗaki ta yi kuka ta wanke fuska ta dawo da cokali. Kowace Juma'a wata ma'aikaciyar jinya 'yar ƙasar Tonga mai suna Salote takan zo ta ɗora shi a sikeli.

"Anti, ba zan ɓoye miki ba," in ji Salote wata Juma'a a bakin ƙofa. "Ranar da ya sauka ƙasa da kilo hamsin da biyar, magana ta fita daga hannuna. Gidan tsofaffi za a kai shi, a sa masa robar ba da abinci."

"Shekara arba'in da bakwai ni nake ciyar da shi."

"Na sani, Anti. To ki sa ya ci."

Ki sa ya ci! Kamar ba abin da take yi ke nan tun safe har dare ba.

A hanyarta ta dawowa daga sayen magani ta hango su a shagon furanni na wani Bagirike mai suna Kostas: kentiya a jere cikin baƙaƙen tukwanen roba. Ta tsaya cak. Ta shiga, ta wuce ƙananan, ta kama mafi tsawo, wadda ta fi ta da kamu biyu, tushe uku a tukunya ɗaya.

"Ɗakin duhu ne?" in ji Kostas. "To kin dace, Mama, wannan ba ta da fitina. Sai dai ruwa. Kada ki ba ta sai ƙasar ta bushe, ki tsoma yatsa tukuna. Sannan kada ki kuskura..."

"Kai, dakata," ta katse shi. "Kafin uwarka ta san ubanka nake ɓarar irin bishiyar nan. Wataƙila kakar wannan daga hannuna ta fito. Ni za ka koya wa?"

Ya ɗaga hannuwa sama yana dariya. "Na tuba, Mama. Ina za a kai miki?"

Da ta bar shi ya ƙarasa maganar! Amma Noelene ke nan, ba a taɓa koya mata abu ta zauna ta ji ba.

Da aka shigo da bishiyar, saman ganyenta na gogar silin, Clarrie ya ƙura mata ido tun daga tushe har sama, irin kallon mai neman inda zai sa ƙafa. Bakinsa da ya karkace ya motsa. Noelene ta matso da cokali a hankali. Ya buɗe baki. Ranar ya sha rabin kwano.

Mako uku abin yana tafiya. Salote ta duba sikeli ta tafa hannu, ta ce, "Baba, ashe budurwa kake jira!" Noelene ta sayo wa bishiyar kyakkyawar tukunyar tangaran marar huda a ƙasa, ta zura ta roba a ciki. Sannan ta shiga yi mata hidima irin ta wanda ransa ke hannunta. Ruwa da safe, ruwa da yamma. A tsibiri ruwan sama yakan kwana uku yana zuba, ta taɓa ganin kentiya ta yi ƙorafi? Abin da ba ta tuna ba, can ƙasar yashi ce, ga iska, ruwa ya zuba ya wuce. Nan kuwa zama yake yi a gindin tukunya cikin duhu.

Ganyen ƙasa ya fara rawaya. Clarrie ya riga ta gani. Ya riƙa ɗaga hannun hagu yana nuni yana gurnani, ita ta ɗauka ƙishirwar bishiyar yake ji, ta ƙara buta guda. Cokali goma ya koma shida, shida ya koma uku. Hankalinta ya tashi ƙwarai. Ta zuba taki. Ta binne kan kifi a tukunya kamar yadda uwarta ke yi wa gwanda, ɗaki ya ɗauki wari. Ta goge ganyen ɗaya bayan ɗaya tana roƙon bishiyar a fili, ba kunya: "Don Allah kada ki yi mini haka. Ki tsaya mini ko na wata biyu ne."

Ran Talata, cikin zafin Janairu, wanda a can shi ne tsakiyar bazara, sai dabara ta faɗo mata. Rana! Wace bishiya ce za ta rayu ba rana? Ta kwantar da tsohon bargo, ta mirgina tukunyar a kai, ta ja ta da baya da baya, ƙugunta na ƙara, har tsakar gidan siminti inda ake ajiye kwandunan shara. Ta ce, "To, sha ki warke." Ta koma ta yi wa Clarrie wanka, ta canza zanen gado, ta yi ta fama da shi kan cokali ɗaya, shi kuwa idonsa na kan wurin da aka ɗauke bishiyar.

Ƙarfe uku ta fito. Ganyen ya yi fari fat, wani ya yi ja kamar an gasa, tana taɓawa yana marmashewa a hannu. Ta zauna a simintin mai zafi ta ce wayyo Allah.

Ta kira Kostas, ya rufe shago ya zo. Bai yi mata gori ba, da ma ya yi, da ta ji sauƙi. Ya zaro bishiyar, baƙin ruwa mai ɗoyi ya tsiyayo, saiwoyin sun yi laushi kamar dafaffiyar taliya.

"Mama, taku ta tsibiri daban," in ji shi. "Wannan a ƙarƙashin rumfa aka raine ta tun tana iri, ba ta san rana ba. Ƙasa ruwa ya ci, sama rana ta ci."

"Ka kawo mini wata. Mai tsawonta. Yanzu."

"Zan kawo. Amma kin ce mai hawa ne. Ba zai gane ba?"

Mutumin da yake bambance bishiya da bishiya a dawa kamar 'ya'yansa, shi za a yi wa musanya?

Tushe biyu sun mutu. Na uku yana da ɗan toho kore a tsakiya. Kostas ya yanke ƙonannen ganye, ya datse ruɓaɓɓun saiwoyi, ya sake mata ƙasa a tukunya mai huda. Abin da aka mayar ɗaki sanda ce kawai da tsinke a kai. Ya ce in za ta yi sabon ganye, sai bayan wata uku ko huɗu. Juma'a kuwa saura kwana uku.

Clarrie ya dubi sandar, ya daɗe yana duba. Sannan ya juya fuska bango. Laraba bai ci ba. Alhamis ruwa kawai ya kurɓa. Ran Juma'a Salote ta dubi sikeli, ta sauke shi ta sake ɗorawa, ta sunkuyar da kai.

"Hamsin da huɗu, Anti."

A gidan tsofaffin, shugabar wurin mace ce mai fara'a, ta ji tausayinsu ta ware musu ɗakin da kowa ke rububi. Taga ce babba mai kallon arewa, rana ta malale gado har ƙasa. Ta ga sandar da Noelene ta rungumo a tukunya, ta ce, "Ga haske, har shukarki za ta ji daɗi."

Noelene ta dubi ranar nan. Wata biyar mijinta bai ji ta a fatarsa ba, mutumin da ya yi rayuwarsa a saman bishiya. Ta dubi tohon. Zuciyarta ta yi kamar ta tsage.

"Ba ku da ɗaki mai kallon kudu?"

"Akwai ɗaya a ƙarshe, kusa da wurin wanki. Amma ba wanda yake son sa, Mama, duhu ne da shi."

"Shi nake so."

Can aka tura kekensa. Ta ajiye tukunyar inda zai gani daga kwance, ta gyara masa matashi, ta sunkuya daidai kunnensa.

"Ka yafe mini, tsoho. Na ƙona maka bishiya, yanzu kuma na hana ka rana."

Bai dube ta ba, tohon yake kallo. Amma da ƙarfe biyar ta yi, aka ce lokacin ziyara ya ƙare, ta miƙe sai ta ji an riƙe ta. Hannunsa na hagu ne ya damƙi gefen rigarta, da sauran ƙarfin mai hawa. Ma'aikaciya tana tsaye a ƙofa tana jira. Noelene ta durƙusa, ta ɓamɓare yatsunsa da hannunta, ɗaya bayan ɗaya.