Kwanar Arzika

Shekara arba'in ke nan da rasuwar mahaifina Arzika, amma kullum sai an kira sunansa a tashar Dogon Dutsi. Duk direban da ke bin wajen garinmu ya san Kwanar Arzika, wasu har tsine mata suke yi.

Ina ɗan yaro, ba a daɗe da samun mulkin kai ba, masu awon hanya suka iso da turakunsu. In da an bi awon farko, da hanya ta miƙe sar ta kan wata tsamiya da kowa ya san doguwa na zaune a cikinta. Leburori suka ce ko za a yanka su ba za su ɗora mata gatari ba. Sai aka karkata hanya, ta faɗo tsakiyar gonarmu.

Baba ya sa rigarsa ta sallah, ya tafi wurin kumandan, mai mulkin yankinmu, wanda a lokacin ya zama ɗan ƙasa ne ba Bature ba. Aka ce masa aikin amfanin jama'a ne, ƙasa kuma ta gwamnati ce. Ya dawo ya zauna, ya ce wa innata, "Kin gani? Sun ji tsoron wadda ba su gani ba, ni da sunka gani da idonsu sunka taka. Da na sani, da na ce musu da doguwa cikin gonata." Muka yi ta dariya. Sai da na girma na gane faɗan da ya fi ƙarfinka ne ake mai da shi wasa. Daga shekarar nan rumbunmu bai sake kai mu kaka ba.

Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Bana an kafa jajayen turaku a rabin da ya rage, wai bututun gas zai bi. Na yau sun fi ladabi, suna gaisuwa, suna maganar diyya, amma ba wanda ya tambaye ni ko na yarda. Da Baba na nan, na san zai tambaya ko akwai sauran abin da suke tsoro. Babu. Tsamiyar ma ta daɗe da shiga murhu.

Na gaji, wallahi, ba ni da ƙarfin sa rigar sallah. Abin da na gada wurinsa shi ne wannan dariya mai ɗaci, da gonar da ke ƙanƙancewa. Shi dai da suka ci gonarsa sun bar masa suna a bakin hanya. Tawa ta ƙarƙashin ƙasa za su bi, ko kwanar hanya ba za a sa wa sunana ba.