Injin Wankin da Ba Ya Yoyo Sai Abba Ba Ya Nan

Wata Juma'a ce da hantsi, cikin sanyin shekarar da na shiga aji huɗu na firamare, na sauko daga gadona na sama a cikin motarmu mai ɗaki, sai ƙafata ta faɗa cikin ruwa. Ruwa ne mai ɗumi-ɗumi da ƙanshin omo, ya biyo ledar ƙasa, ya ratsa ƙarƙashin teburin cin abinci, har ya jiƙa gefen dardumar sallar Umma. Can ƙarshen motar, kusa da ƙofar bayi, ɗan ƙaramin injin wanki yana ta juyi abinsa kamar ba shi ya yi ɓarnar ba. Na kwanta rub da ciki na leƙa ƙarƙashinsa, ban ga komai ba sai duhu da wani ɗigo yana sheƙi. Daga nan na ƙwala wa Umma kira.

Abbana mutumin Zariya ne, injiniyan lantarki, aiki ya kawo shi Doha tun ina goye. A Nu'aija muke zaune, a wani gidan bene da ba shi da tsakar gida, ba shi da ko bishiya ɗaya da yaro zai hau. Motar kuwa ta hannu ce, ya saya wurin wani abokin aikinsa da zai koma ƙasarsu. Larabawa suna ce mata karaban, mu kuma muka sa mata suna gida mai taya. Da zarar zafi ya sauka, ran Alhamis da la'asar sai mu loda tukwane da barguna da jarkokin ruwa, mu nufi kudu, inda tuddan yashi suke gangarowa har bakin teku, ba za mu dawo ba sai Asabar.

A can ne na san wasa. Ni da Yaya Kabiru mukan sace babban farantin Umma mu hau tudu da shi, mu zauna ciki mu sulalo, yashi ya cika mana kunne da wuya. Da bawon katantanwar teku na koyi 'yar carafke, don babu tsakuwa mai kyau a wajen. Aikina da safe shi ne kakkaɓe tabarmi da goge gindin tukunya da yashi, shi kuma Yaya ya jido itacen da Abba ya sayo a hanya. Umma takan kafa duwatsun murhu a bayan mota ta tuƙa tuwon shinkafa, hayaƙi yana sa ta hawaye, tana dariya. A gidan bene ba kasafai nake jin wannan dariyar ba. Gadona kuma yana saman mazaunin direba, da 'yar taga da ba ta fi littafin karatu girma ba, ta nan nake kallon raƙuma idan sun wuce da sassafe. A duk duniya nan ne kaɗai wurin da yake nawa ni ɗaya.

Da Abba ya dawo daga masallacin Juma'a, inda yakan bi motar maƙwabta tun da hantsi saboda nisa, ya ga barguna a shanye, bai ko cire babbar riga ba ya ɗauko akwatin kayan aikinsa. Ya janyo injin waje, ya bi tiyon da ke kawo ruwa da yatsa, ya bi wanda ke fitarwa, ya ɗaure bakinsu da sifana. Ya buɗe wata 'yar ƙofa a gindin injin ya zaro matatar ruwa, muka samu maɓallin riga da fil ɗin ɗankwali. Na ce a raina an kama ɓarawo. Ya mayar da komai, ya jefa tawul biyu, ya kunna, muka zauna muna kallo har injin ya gama. Ko ɗigo bai zubo ba. Abba ya kaɗe hannu ya ce, "Khalas, an gama da wannan."

Mako na gaba ruwa ya sake malala, kuma Abba yana masallaci. Wannan karon ya shimfiɗa tsofaffin jaridu a ƙarƙashin injin don ya ga gefen da zai fara jiƙewa, ya kunna, jaridu suka tashi a bushe ƙarau. Ya sauya robar bakin ƙofa, ya sauya tiyo, ya sa katako a ƙarƙashin taya don kada motar ta karkata a kan yashi. Har Baba Issaka ya shigo maganar, wani dattijo ɗan Zangon Kumasi da ke tuƙa wa kafil ɗinsa, wato Balaraben da ya ɗauke shi aiki, mota, tantinsu yana kusa da namu. Ya leƙa, ya ƙwanƙwasa, ya shinshina, sannan ya ce, "Injiniya, wannan inji tsoronka yake ji. Ka bar masa hularka a kai in za ka masallaci." Kowa ya yi dariya ban da Abba, don ya ɗaga ledar ƙasa ya ga katakon daɓen ya kumbura ya yi baƙi, kuma can ƙarƙashin benci batura suke da wayoyin wuta. Da muka zauna cin abinci ya ce shi ba zai kwana da 'ya'yansa a kan ruwa da wuta ba, idan bai gano bakin yoyon nan ba zai sayar da motar, dama akwai mai so. Umma ta sunkuyar da kai tana juya cokali a cikin miya. Ni kuwa na tsame hannuna daga tuwon.

Duk makon nan a makaranta injin nake tunani. Ta yaya ƙarfe zai san mutum ya fita? Na zana shi a bayan littafin lissafi, na yi masa idanu. Na tambayi malamar Islamiyya ko aljanu suna shiga kayan lantarki, ta ce in riƙe azkar ɗina in daina surutu. Kowace salla sai na roƙi Allah Ya nuna wa Abba ramin, har ina faɗa Masa girman tagar gadona, kamar bai sani ba.

Juma'ar da ta biyo, Abba bai yi shirin masallaci da wuri ba. Ya ɗauko kujerar roba ya ajiye gaban injin, ya ce wa Umma, "Maman Kabiru, yi wankinki yadda kika saba, ni ɗan kallo ne yau." Umma ta ce, "Ikon Allah, yau kuma wanki ne ya zama talabijin?" Ta kawo tsumman ƙanina Sadiƙu, wanda lokacin yake rarrafe, da zanen goyo da hijabin sallarta, ta zuba, ta rufe, ta kunna. Injin ya tsotsi ɗan ruwansa ya fara juyi. Sai ta duƙa ta leƙa ta gilashi, ta girgiza kai, ta janyo durowar omo, ta ɗauki buta ta yi bismilla ta tuttula ruwa a ciki. Ta cika ta sake tuttulawa, ta sake, har ruwa ya haura rabin gilashin. Ban ga abin mamaki ba ko kaɗan, kullum haka take yi. Injinmu na gida irin mai baki a sama ne, ita ke cika shi da tiyo yadda ranta yake so, ni a zatona haka ake yi wa kowane inji.

Abba ya ƙara matso da kujerarsa. Can da injin ya ɗauki gudu, sai ga ruwa da kumfa suna tasowa ta bayan durowar, suna bin cikin jikinsa suna sauka ƙasa. Ya nuna mata da yatsa, ya ce wannan an yi shi ne don tafiya, da ɗan ruwa kaɗan yake aiki. Umma ta dube shi sosai ta ce, "Ruwan da bai cika buta ba ne zai tsarkake fitsarin yaro? Da hijabin nan fa nake tsayawa gaban Ubangijina." Na zaci zai kawo mata hujjojin malamai, don ya san su. Sai kawai ya zuba wa hijabin ido yana juyawa cikin kumfa. Daga baya ya miƙe ya kashe injin, ya ɗauki tsumma ya durƙusa yana tsane ruwan da kansa.

Da ya dawo daga masallaci sai ga shi da ƙatuwar robar wanki da ƙarin jarkoki cike da ruwa. Tun daga ranar Umma takan ɗauraye duk abin da najasa ta taɓa a waje, ta kwarara masa ruwa har zuciyarta ta natsu, sannan ta ba injin ya ƙarasa. Ɗaukar jarkokin nan ya zama aikin Abba, yana nishi yana cewa, "Yalla, a ba ɗan dakon Hajiya hanya." Ya sauya katakon da ya ruɓe, motar kuma ta zauna tare da mu har na gama sakandare.

Yanzu ina unguwar Ain Khaled a nan Doha da nawa 'ya'yan, su Abba sun koma Zariya, gwiwa ta hana shi durƙuso ko a salla. Kwanan baya injina ya yi yoyo, maigidan ya kira wani mai gyara daga wajen Asian Town, ya zo ya sauya wani abu ya tafi kafin shayinsa ya huce. Ya gyaru, alhamdulillahi. Amma babu wanda ya tambaye ni yadda nake wankina, ni ma ban ga fuskar faɗa musu ba. Tun daga kan Abba, ban sake ganin namijin da ya ja kujera ya zauna kallon wankin matarsa ba.