Yabon da Ya Raba Hifni da Babur

Duk garin Girga, a ƙasar Masar, babu wanda bai san ƙarar babur ɗin Hifni mai madara ba. Tun kafin ya karyo kwana mata ke fitowa da tukwanensu. Ubansa ne ya saye shi a hannun wani sojan Ingila lokacin da Turawa suke tattara nasu-ya-nasu, kamfanin da ya ƙera shi ma ya daɗe da rufewa. Hifni da hannunsa yake gyara shi, don a ganinsa kowane makanike ɓarawon noti ne.

Mutumin nan akwai zargi! Ko gaisuwa ka tsawaita masa sai ya taɓa aljihu. Da dillalai suka fara sintiri daga Alƙahira, wai masu tara tsofaffin babura za su biya ko nawa ne, sai abin nasa ya ƙaru. Ya ɗaure shi da sarƙa, ya rataya masa shuɗin dutse saboda kambun baka, ya mayar da shi ɗakin kwanansa. Matarsa Nabawiyya ta ce saura ya lulluɓa masa bargo. Shi dai ya rantse ba ya sayarwa, abin da ya rage masa na ubansa ke nan.

Ana nan sai ga wani Ustaz Wagdi daga Iskandariyya ya kama haya a unguwar. Mutum ne mai yawan murmushi, kuma bai taɓa taya babur ɗin ba, ko kallonsa ba ya yi. Madara yake saye, ya sha shayi, ya tambayi lafiyar iyali. Wannan ya fi komai damun Hifni. Ya ce wa Nabawiyya ruwa ba ya tsami banza, wanda ya taya ka san inda ya dosa, mai shirun nan shi ne abin tsoro.

Ranar auren ɗansa Gabir dangin amarya suka zo daga Akhmim, dattawa da rawunansu da sandunansu. Ango ya nace a fito da babur bakin rumfa don ado. Hifni ya yarda da ƙyar, ya ja kujera ya zauna a gindinsa. Bayan an ci an sha, Wagdi ya miƙe, ya zagaya babur ɗin, ya shafa tankin, ya ɗaga murya.

"Masha Allah, Baba Hifni, ban taɓa ganin irinsa ba."

To, a Girga in baƙo ya yaba abinka a gaban maza amsa ɗaya ce, kuma baki ke faɗinta kafin zuciya ta farga.

"Naka ne, Ustaz. Ɗauka."

Kowa ya san abin da ke biyowa: mai yabo ya dafa ƙirji ya ce Allah ya bar maka abinka. Hifni ya jira. Sai Wagdi ya juya wajen dattawan.

"Manya, kun shaida? Na karɓa. Allah ya ƙara girma."

Hifni ya waiwaya. Ya dubi surukan ɗansa, ga su suna gyaɗa kai, suna yaba irin gidan da 'yarsu ta shigo. In ya janye yanzu, har Gabir ya tsufa sunansa ɗan mai magana biyu. Baƙin ciki kamar ya kashe shi, amma ya yi murmushi.

Wagdi ya hau, ya buga, ya sake bugawa, babur ya ƙi tashi. Hifni ne ya taso ya tayar masa, mata na ta guɗa.