Kawu Direba da Maɓallin Share

Tun ina goye Kawuna yake kan sitiyari. Ya ja tirela, ya ja motar haya, da girma ya zo sai ya koma ɗaukar yaran makarantar firamaren unguwarmu a wata doguwar bas mai ruwan ɗorawa. Mutum ne da bai taɓa goga wa mota ko bango ba, kuma ba ya bari ka manta da hakan. Da hankicinsa yake goge madubi. Matarsa, wadda muke kira Inna, takan ce da ƙofar ɗaki za ta ɗauki bas ɗin nan, ita ce za ta kwana a tsakar gida. 'Yata ma a motarsa take zuwa makaranta, kujerar bayansa ce tata, ba mai zama a kai.

Abin da ba wanda ya sani, har ni da nake shiga gidan kullum, shi ne idon Kawu ya fara mutuwa ta gefe. Gabansa yana gani tar, amma dama da hagu duhu ne yake ta matsowa. Ya san duk ranar da makaranta ta ji, ranar zai sauka daga motar. Shi ya sa ya ja bakinsa ya yi gum, har sai da kwamfuta ta tona shi.

Babban ɗansa ne ya aiko masa da ita, irin ta tebur, mai akwati a ƙasa da allo a sama, ya buɗe masa shafin sada zumunta don ya riƙa ganin hotunan jikoki. Ni kuwa saboda ina aiki a shagon buga takardu, Kawu ya naɗa ni Injiniya. Ran wata Asabar da hantsi ya aiko a kira ni.

"Injiniya, zo ki duba min jakar nan," in ji shi, don haka yake kiran kwamfutar, wai nawarta irin ta jaki ce. "In na taɓa ta sai na je na yi alwala na dawo ba ta motsa ba."

Na zauna na kunna. Kwamfutar ta tashi lafiya lau, takardu suna buɗewa ba gardama. Ina danna burauza, wato manhajar da ake shiga intanet da ita, sai komai ya tsaya cak. Ɗan zoben nan ya yi ta juyawa, fankar akwatin ta kama gurnani kamar tsohon injin niƙa. Na duba wayar intanet, tana nan daram. Na gwada da wayata, layi ba laifi. To, matsalar a cikin burauzar take.

Da ƙyar ta buɗe. Ina ɗaga ido na ga saman allon, ban san sanda na ce "Kai!" ba. Shafuka ne jere reras, sun matse juna har ba a ganin sunan ko ɗaya, sai ƙananan haƙora kamar na mataji. Kuma an saita ta duk sanda aka kunna ta dawo da su gaba ɗaya.

"Kawu, wannan ai lodi ka yi mata har saman rufi! Ba ka rufe shafi ne in ka gama?"

Ya ɓata rai. "Ni? Ni da ba na barin ko ɓawon gyaɗa a mota? Duk wanda na karanta sai na share shi. Hotonsu ne kawai ya maƙale a sama."

"Nuna min yadda kake sharewar."

Ya karɓi linzamin kwamfutar da hannu biyu, ya lalubo wani maɓalli a gefen wani shafi, ya nuna min da alfahari. "Ga shi nan da Hausa ɓaro-ɓaro. Share. Sai wannan ɗan akwatin ya fito, in danna shuɗin, shi ke nan ya tafi."

Na kalli maɓallin, na kalli Kawu, na sake kallon maɓallin.

"Innalillahi! Kawu, wannan ba Hausa ba ce! Turanci ne, shiya ake karanta shi. Rabawa yake nufi. Duk abin da ka danna wa wannan, jama'a ka watsa wa!"

"Wace jama'ar?"

"Duk wanda ke shafinka! 'Yan uwa, direbobi, malaman makaranta, kowa da kowa!"

Da farko dariya ce ta taso min, don na ɗauka farashin taya ne da labarin ƙwallo ya yi ta rabawa. Amma da na dubi fuskarsa sai dariyar ta koma ciki. Kawu ya yi tsaye kamar an dasa shi. Ban taɓa ganin tsoro a fuskar mutumin nan ba sai ranar.

Na rufe shafukan nan kaf, na cire wasu tarkacen manhajoji da suka manne wa burauzar, na goge ajiyarta, na sake kunnawa. Ta tashi fes kamar sabuwa. Da ma ban gyara ba, don da saurin nan ta buɗe min shafinsa.

Ga kanun labaran da ya yi ta rabawa. Hawan jinin ido: alamominsa. Me ke sa mutum ya daina gani ta gefe. Shin ido yana dawowa in ya tafi. Ina gangarawa ƙasa suna ta fitowa, wata da watanni. Sai na iso kan wanda ya tsayar min da numfashi: shin mai gani ta gaba kawai zai iya tuƙi.

A ƙarƙashin kowanne kuma ga jama'a sun yi ta sa albarka. "Allah ya saka, Baba Direba." "Allah ya ba masu fama lafiya." Ita kanta shugabar makarantar ta rubuta, "Madalla da wannan wayar da kai, ka ci gaba." Kun ji fa! Mutum yana ta ihu a tsakiyar kasuwa, su kuma suna tafa masa. Ko mutum ɗaya bai gane ba.

Na juyo a hankali. "Kawu, idon wa?"

Ya waiga ƙofa ko Inna na kusa, sannan ya zauna a bakin gado.

"Likita ya ce in ana ɗiga magani zai tsaya inda yake," ya ce ƙasa-ƙasa. "Hanyar nan na san ta kamar tafin hannuna. Ina bi a sannu. Injiniya, tunda ba su gane ba, ki share min su. Sharewar gaske."

Nan fa raina ya ɓaci, na manta da wa nake magana.

"A sannu? Kawu, yaran mutane ne cike da motar nan! 'Yata ce a bayanka! Jiya-jiyan nan na tsaya a ƙofa ina ɗaga muku hannu, ashe makaho-makaho ne yake jan ta! In mai babur ya ɓullo ta gefe fa? In yaro ya zagayo ta gaban taya?"

Kalmar makahon nan ta doke shi, na ga sanda ta shiga. Bai tsawata min ba, shi da ko tari ka yi a motarsa sai ya yi magana. Cewa kawai ya yi, "In na sauka, me zan zama? Ban iya komai ba sai wannan."

Tausayinsa ya kama ni har na ji hawaye, amma fushin bai tafi ba. Na share su ɗaya bayan ɗaya yana kallo, don asirinsa ne, ba na kasuwa ba. Da na gama na miƙe.

"Na share. Amma ranar Litinin 'yata ba za ta shiga motar nan ba. In shugaba ta tambaye ni dalili, wallahi ba zan yi mata ƙarya ba."

Na fita ko sallama ban yi wa Inna ba. Tana ta kira, "Ke, lafiya? An gyara jakar tasa?" Ban waiwayo ba, don in na buɗe baki kuka ne zai fito.

Lahadi ban je gidan ba, shi ma bai aiko ba. Mijina ya yi ta tambaya me ya same ni, na ce kaina ke ciwo.

Litinin da safe ina ɗaure wa yarinya takalmi, da niyyar in kai ta da ƙafa, sai na ji hon a ƙofar gida. Hon ɗin bas. Jinina ya hau. Na ce lallai tsohon nan ya raina ni, yau unguwa za ta ji mu. Na fito a fusace, mayafi a hannu, na buɗe baki ke nan sai idona ya faɗa kan kujerar direba.

Ba shi ne a kan sitiyari ba. Wani abokin aikinsa ne, direban ƙaramar motar malamai. Kawu yana zaune a kujerar bakin ƙofa, ya sha wanka da guga kamar kullum, hannayensa a kan gwiwa ba abin da suka riƙe. Daga baya Inna ta gaya min cewa ranar Lahadi da kansa ya taka har gidan shugabar makarantar, ya faɗa mata komai da bakinsa. Ita ce ta roƙe shi ya riƙa bin motar yana nuna wa sabon direban hanya.

"Akwai rami bayan shagon tela, ka kama dama," yake ce wa mutumin. "Kar ka taka birki da ƙarfi, ba ta so."

'Yata ta ƙwace hannunta ta haye da gudu. Ta tsaya dab da kafaɗarsa, ta ɗaga masa hannu tana murmushi, tana jira ya yi mata tsiyar da ya saba. Kawu yana kallon gaba. Ta sake ɗagawa, har tana karkaɗa yatsu kusa da kunnensa. Bai motsa ba.

"Kaka, fushi kake yi da ni?"

Ya zabura, ya juyo da kansa gaba ɗaya yana neman ta. "Au, kina nan? Tun yaushe?"

Motar ta ja, ni kuma na zauna a dakalin ƙofar gida, ina bin ta da kallo.